Mai Gadin Turken Sautu

Tasi'u nake, a Gwammaja ne gidana,
Gadin dogon ƙarfe shi ne abin yina,
Shekara sha ɗaya, dare har da rana,
Ina gindin turken kamfanin waya.

Sautu sunansa, auta a cikin layuka,
Ya tarar da manya sun riga sun shuka,
Sun girbe gari tun daga Fagge har Sheka,
Aka ce: yaro, ka makara, koma baya.

Shago guda suka kama a titin Gidan Zu,
Ma'aikata bakwai, baburansu biyu,
Suna raba layi kyauta, amma bai karɓu,
'Yan Fam Senta suka ce ba shi da moriya.

Da gaskiyarsu. In kana son a ji ka,
Sai ka hau Dala ka ɗaga hannunka,
Sanda ɗaya ta leƙo, ta tsere maka,
Ka sauko da sallamarka a baki, da kunya.

Ran wata Talata suka zo wajen Baba,
Kangon bayan gida suke so su duba,
Maƙwabta suka ce ƙarfen zai jawo annoba,
Baba ya ce babu ta fi shi, ya ba da haya.

Aka sare magarya, aka haƙa rami,
Aka ta da ƙarfe har ya wuce rimi,
Jan ƙwai a ƙoli, inji na ƙugi da ɗumi,
Aka ba ni tocila da gora da kujera ɗaya.

Sai ga kiran dare, ba a cire ko kwabo,
Sha biyu zuwa asuba, kowa da nasa rabo,
Ɗalibai da teloli suka koma layi sabo,
Unguwa ta ƙi barci, ana raɗa ana dariya.

Hajiya Balaraba mai atamfa a Kwari,
Ta ce da shi take jin 'yan Maraɗi da wuri,
Dillalan riɗi a Dawanau suka bi da sauri,
Farashi na isa kafin mota ta ɗau kaya.

Ba duka zuma ba. A wata damina,
Ɓarayin batir suka diro a kaina,
Suka bar mini tabo ƙarƙashin kunnena,
Kwana uku Gwammaja shiru kamar rijiya.

Masu dubiya suka zo da kunu da fura,
Sannu ɗaya, sai ido ya koma sama ya ƙura,
"Tasi'u, yaushe injiniya zai zo gyara?"
Ban ji haushi ba, ciwon gari ya fi nawa wuya.

Yau turaka sun tsiro kamar dawa a gona,
Ɗorayi, Hotoro, Rijiyar Zaki da Kurna,
Shagon nan ya zama bene mai ƙyalli a rana,
Na je sau ɗaya, aka tsare ni a ƙofa da tambaya.

Auta ya girma, ya koyi halin yayye,
Kiran dare an soke, garaɓasa an janye,
Katin safe kafin azahar ya tsiyaye,
Ga wani sabon yaro can yana raba layi a hanya.

Dare in ya tsala nakan jingina da ƙarfe,
Zancen Kano duka ta saman kaina yake tafe,
Albishir, ta'aziyya, bin bashi, har safe,
Ban jin ko kalma, sai sanyinsa a baya.

Tawa wayar na aljihu, na ɗaure ta da roba,
Lambar Baba na ciki, ban iya gogewa ba,
Layin farko ne, na ranar da suka zo duba,
Shi kuwa ya tafi inda turke bai kai ba,
Gidan gaskiya.